Yaya jikin ƙwari yake gane dafin bakteriya, kuma shin hakan yana sa abincin da ƙuda ya sauka a kai ya zama marar haɗari?

Tambaya:

Muna ganin ƙuda yana wuni a kan juji da bakin masai da mushe, amma ba mu taɓa ganin ya kwanta ciwo ba, mu kuwa da zarar abinci ya ɗan lalace sai ciwon ciki da gudawa. Na ji ana cewa jikin ƙwari yana da abin da yake kashe ƙwayoyin cuta da dafinsu. Shin wannan magana gaskiya ce? Ta yaya ƙwaro yake gane dafin? Kuma idan gaskiya ce, shin abincin da ƙuda ya sauka a kansa ba shi da haɗari ke nan?

Amsa a taƙaice:

Gaskiya ne ƙwari suna da garkuwar jiki mai ƙarfi. Suna gane bakteriya ta hanyar ɓarɓashin bangon jikinta, suna kuma gane dafinta ta hanyar ɓarnar da yake yi a cikin jikinsu. Sai dai wannan garkuwa ƙwaron take karewa, ba ta wanke ƙafafunsa da bakinsa daga abin da ya kwaso, saboda haka rufe abinci yana nan a matsayinsa.

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: abin da ke cikin jikin ƙwaro

Ka sani, ya ɗan'uwa mai tambaya, da ke 'yar'uwa mai karatu, ƙwari ma suna kamuwa da cuta kuma suna mutuwa da ita. Abin da ya sa ba ka lura ba shi ne ƙudan gida ba ya cika wuce wata guda a duniya, kuma wanda ya mutu babu mai cigiyarsa, wani ya riga ya maye gurbinsa. Duk da haka, abin da ka lura da shi yana da tushe, domin halittar da take ci tana sha a cikin ƙazanta ba za ta ɗore ba sai da kariya ta musamman.

Yawancin abin da masana suka sani a wannan babi sun koye shi ne daga ƙaramin ƙudan nan da yake taruwa a kan mangwaro da ayaba idan sun nuna sun wuce, wanda ake kira durosofila. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, yana da sauƙin kiwo a kwalba, kuma yana hayayyafa cikin kwana goma ko makamancin haka. Ba shi ne ƙudan gida ba, amma dangi ne. Da aka karanta jerin ƙwayoyin gadon ƙudan gida a shekarar 2014, an samu irin waɗannan hanyoyi na kariya a tare da shi, har ma ƙwayoyin gadon da suka shafi garkuwa sun fi yawa a wurinsa.

Kariyar farko ita ce ɓawon jiki mai tauri, da wata 'yar tantani da ta shimfiɗu a cikin hanji tana raba abinci da naman hanjin. Idan cuta ta ƙetare waɗannan, sai ta faɗa cikin ruwan jikin ƙwaron. Wannan ruwa ba ja ba ne kamar jininmu, ba ya ɗaukar iskar numfashi, kuma ba a cikin jijiyoyi rufaffu yake gudana ba, yana malale ne a cikin jiki yana jiƙa dukkan gaɓoɓi. A cikinsa ne ƙwayoyin garkuwa suke yawo, waɗanda masana suke kira himosayit. A jikin durosofila iri uku ne:

1. Masu haɗiya, su ne mafi yawa, sun kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Aikinsu kama bakteriya da haɗiye ta da narkar da ita, kamar yadda wasu fararen ƙwayoyin jininmu suke yi.

2. Masu ɗauke da wani sinadari a dunƙule kamar ƙanƙara. Idan aka samu rauni sai su fashe su zubar da shi, ya haifar da baƙin launi da ke toshe raunin, tare da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayar cuta.

3. Faffaɗa masu kama da faifai, waɗanda ba a cika ganinsu a jikin lafiyayyar tsutsa ba sai idan wani abu babba ya shiga, kamar ƙwan ƙaramin zanzaron da ke yin ƙwai a jikinta. Sukan lulluɓe shi ɗaya bisa ɗaya har ya mutu.

Bayan waɗannan akwai kitsen cikin ƙwaron, wanda yake yi masa aiki irin na hanta. Idan saƙon cuta ya iso gare shi, sai ya riƙa zuba wasu ƙananan furotin masu kashe bakteriya a cikin ruwan jiki. Hans Boman da abokan aikinsa a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin ne suka bayyana tsarin na farko daga cikinsu a shekarar 1981, daga jikin wata babbar faɗa-wuta, suka sa masa suna sekurofin.

Akwai abu ɗaya da ƙwaro ba shi da shi. Jikinka, idan ya haɗu da dafi, yana iya ƙera furotin na musamman da ya dace da wannan dafin shi kaɗai, ya kuma riƙe shi a ajiye shekara da shekaru. A kan wannan aka gina allurar riga-kafi, kamar ta sandarewar haƙora. Ƙwaro ba ya yin haka. Da 'yan ƙayyadaddun na'urorin ganewa aka haife shi, da su kuma zai fuskanci dubban ire-iren bakteriya da dafinsu. To a nan ne tambayarka take da nauyi: ta yaya kaɗan zai gane mai yawa?

Na biyu: ganewa ta hanyar kama

Kowace bakteriya kusan tana da bango da ya kewaye ta, wanda aka saƙa da wani abu da babu irinsa a jikin dabba ko ƙwaro. Yayin da take girma tana rabuwa, ɓarɓashin wannan bango yana zuba. A jikin ƙwayoyin garkuwa da kitsen ciki da hanji, har da cikin ruwan jiki, akwai furotin da aka siffanta su daidai da wannan ɓarɓashi, da zarar sun haɗu sai su manne, saƙo ya tafi cikin ƙwayar.

Hanyoyin saƙon guda biyu ne manya. Ɗaya ana kiranta Tol, ita ce take amsa funfuna da wani rukuni na bakteriya. A shekarar 1996 Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann da abokan aikinsu a birnin Sitirasbog na Faransa suka nuna cewa ƙudan da aka lalata masa wannan hanya funfuna tana cinye shi cikin 'yan kwanaki. Ɗayar ana kiranta IMD, ita ce take amsa ɗaya rukunin na bakteriya, wanda a cikinsa akwai masu jawo taifot da kwalara ga ɗan Adam. Wannan bincike bai tsaya a kan ƙuda ba. A shekarar 1998 Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa ɓera yana gane wata guba da ke jikin bangon bakteriya ta hanyar furotin ɗan'uwan Tol, kuma mutum ma haka. Su biyun, Hoffmann da Beutler, suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2011.

Akwai dafin da ake kamawa ta wannan hanya. Bakteriyar da take jawo tarin shiƙa tana fitar da wani dafi da ke lalata ƙwayoyin da suka shimfiɗu a maƙogwaron yaro. Da aka bincika, sai aka ga dafin guntun bangonta ne. Idan aka ba ƙwayoyin garkuwar ƙuda ɗan kaɗan daga cikinsa, hanyar IMD takan farka da ƙarfi.

Sai dai wannan hanya tana da gibi biyu. Na ɗaya, bakteriyar da ba ta cutarwa ma tana da bango, kuma hanjin ƙuda cike yake da irinta, wasu ma yana amfana da su. Na biyu, yawancin dafin bakteriya ba guntun bango ba ne. Furotin ne da take ƙerawa ta harba, kowane da kamanninsa, kuma kamannin suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya.

Na uku: ganewa ta hanyar aiki

Ka ɗauki misalin masu gadin kasuwa biyu. Na farko ya haddace fuskokin ɓarayin unguwa, duk wanda ya gani daga cikinsu sai ya yi kururuwa, amma baƙon ɓarawo zai wuce ta gabansa. Na biyu bai san fuskar kowa ba, idonsa yana kan kwaɗon rumfuna. Ko wane ne ya zo, idan dai sata ce ta kawo shi, dole ya taɓa kwaɗo. Jikin ƙwaro yana da masu gadi iri biyun, kuma na biyun ne yake kama yawancin abin da na farko ya kasa. Ga misalai guda uku da aka tabbatar a ɗakin gwaji.

Misali na farko, tarko a cikin ruwan jiki. Yawancin bakteriya da funfuna masu cutarwa suna fitar da furotin masu aiki kamar almakashi, suna yanka naman ƙwaron don su samu hanya da abinci. A cikin ruwan jikin ƙuda akwai wani furotin da masana suka sa wa suna Farsifon, wanda yake zaune a kwance ba ya aiki. A jikinsa akwai wani sashe mai sauƙin yankuwa da almakasai iri-iri. Idan almakashin cuta ya yanke shi, wannan yankan ne yake buɗe ƙofar farkawarsa, shi kuma ya tayar da hanyar Tol. Makamin da cuta ta zo da shi, shi ne ya tona mata asiri.

Misali na biyu, kwaɗo a cikin ƙwayar garkuwa. Ƙwaya mai haɗiya ba za ta iya tafiya ko miƙa jiki ta kama bakteriya ba sai da wani ƙaramin furotin mai suna Rak2, wanda yake aiki kamar makunnin fitila, a kunna a kashe gwargwadon buƙata. Wasu ire-iren bakteriyar ikolai, masu jawo wa mutane ciwon mafitsara, suna da dafi mai suna CNF1. Idan ya shiga ƙwaya sai ya sauya ɗigo ɗaya tak a jikin makunnin, ya bar shi a kunne ba ya kasuwa, tafiyar ƙwayar ta rikice. A shekarar 2011 Laurent Boyer da Lynda Stuart da abokan aikinsu a birnin Boston na Amurka suka nuna cewa ƙwayar ƙuda tana lura da wannan. Makunnin da ya maƙale yakan tayar da hanyar IMD, a fara ƙera furotin masu kashe bakteriya, ko da babu ɓarɓashin bango ko kaɗan a wurin. Sun kuma samu makamancin wannan a ƙwayoyin mutum. Kafin nan masana tsirrai ne suka fi sanin irin wannan gadi, a jikin tumatir da makamantansa.

Misali na uku, huda. Akwai rukuni babba na dafi da aikinsa huda fatar ƙwayar halitta, ruwa da gishirin da ke ciki su tsiyaye. Ƙwayar tana jin wannan tsiyaya kuma tana amsawa. A shekarar 2016 masu bincike a Sitirasbog suka ciyar da ƙuda wata bakteriya mai irin wannan dafi, sai suka ga ƙwayoyin hanjinsa suna amayar da wani kaso na abin da ke cikinsu, har da sassan da suka lalace. Bangon hanjin ya sirance, sannan cikin sa'o'i ya koma yadda yake. Idan kuma ɓarnar ta yi yawa har ƙwayoyi suka mutu, waɗanda suka jikkata sukan aika saƙo ga ƙwayoyin asali da ke kwance a gindin bangon hanji, su rabu su haifi sababbi.

Saboda haka idan ka ce ƙwaro ba shi da hankalin da zai gane dafi, ka yi gaskiya. Ganewar ba tunani ba ce. Furotin ne yake mannewa da wani, ko a yanke shi, ko ya maƙale, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jan na gaba da shi har a kai ga ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin ƙera makami.

Na huɗu: abin da ke biyo bayan ganewa

Amsar tana zuwa daki-daki. Cikin mintuna ruwan jiki yakan daskare a bakin rauni, baƙin launi ya fara bayyana, masu haɗiya su fara kamu. Idan bakteriyar ta yi musu yawa sai su taru su dunƙule a kanta su yi ƙullutu, su tsare ta a wuri ɗaya. Cikin sa'o'i kitsen ciki yakan cika ruwan jiki da furotin masu kisa, waɗanda da yawansu suna aiki ne ta hanyar huda fatar bakteriyar. Idan yaƙi ya ƙare akwai wasu furotin da ke yanyanka ɓarɓashin bangon da ya rage don saƙon ya tsaya, domin garkuwar da ba ta kwantawa ita ma cuta ce. An gwada ƙudan da aka cire masa waɗannan masu kwantarwa, ya zama yana mutuwa da wuri saboda bakteriyar da ba ta isa ta kashe shi ba.

Ka lura da wani abu a nan. Mafi yawan wannan amsa ba ta karya dafin kansa. Tana kashe mai ƙera dafin ne kafin ya ƙera da yawa, tana kuma gyara abin da ya ɓata. Shi ya sa lokaci yake da muhimmanci, wanda ya riga wani shi ne da nasara.

Na biyar: inda garkuwar take gazawa

Akwai bakteriyar da take rigan ƙwaro. Ɗaya daga ciki tana zaune a hanjin wata siririyar tsutsar ƙasa mai kama da zare. Tsutsar takan kutsa jikin ƙwaro ta amayar da bakteriyar a cikin ruwan jikinsa, ita kuma ta saki dafi iri-iri, daga ciki har da wanda yake sa ƙwayoyin garkuwa su kashe kansu. Cikin kwana biyu ƙwaron ya mutu.

Wadda ta fi shahara ita ce Bacillus thuringiensis, da ake taƙaitawa Bt. Ishiwata Shigetane ya fara samunta a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki, sannan Ernst Berliner ya sake samunta a Jamus a 1911 a jikin tsutsar da ke cin gari. Dafinta yana zuwa a dunƙule. Idan tsutsa ta ci shi, ruwan hanjinta, wanda yake da kaifi irin na kanwa, yakan narkar da shi, almakasan narkar da abincinta su gyara shi ya zama mai aiki, sannan ya manne da wasu furotin na musamman a bangon hanjin ya huda shi. Tsutsar takan daina ci cikin ɗan lokaci, hanjin ya yage, bakteriya ta kwarara cikin ruwan jiki fiye da abin da masu haɗiya za su iya. Cikin mutum kuwa mai tsami ne, kuma babu waɗannan furotin da dafin yake mannewa da su a hanjinsa, wannan ne dalilin da ya sa manoma suka daɗe suna fesa shi a kan amfanin gona.

Wannan ya shafi manomin wake kai tsaye. Irin waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta samar kuma aka amince da shi a Najeriya a 2019, yana ɗauke da ɗaya daga cikin furotin ɗin Bt don maganin tsutsar maruka mai cin fure da kwanson wake. Ba ya maganin sauran ƙwarin wake, kamar masu tsotson ruwan kwanso, domin dafin bai dace da hanjinsu ba. Kuma ƙwari suna iya koyon jure masa. A 1990 an ba da rahoton tsutsar kabeji a tsibirin Hawai ta daina mutuwa da feshin Bt, daga baya aka ga haka ga jar tsutsar auduga a Indiya. A mafi yawan wuraren da aka bincika, furotin ɗin da dafin yake mannewa da shi ne ya sauya kama a jikin 'yan kaɗan, su suka tsira suka hayayyafa. Saboda haka ne malaman gona suke umartar a shuka wani kaso na irin da ba shi da Bt a kusa, don ƙwarin da ba su da juriya su wanzu su gauraya da masu ita. Manomin da ya yi watsi da wannan, kansa da maƙwabtansa yake cuta. Maganar hukuncin irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado kuwa mas'ala ce daban, ba ita aka tambaya a nan ba.

Na shida: abincin da ƙuda ya sauka a kai

Duk abin da aka ambata a sama yana faruwa ne a cikin jikin ƙwaron, a ruwan jikinsa da bangon hanjinsa. Ƙafafun ƙuda da gashin jikinsa da bakinsa suna waje da wannan yaƙi. Bugu da ƙari, ƙudan gida ba ya tauna, yakan zubo ruwan cikinsa a kan abinci don ya narke sannan ya tsotse, yana kuma yin kashi a inda yake ci. Bakteriyar da ba ta cutar da shi jikinsa ba ya tsananta mata, tana iya zama a jikinsa ko a cikinsa na wani lokaci da ranta. Da yawa daga cikin waɗanda suke kwantar da mutum da atini da gudawa, a wurin ƙuda fasinjoji ne kawai, ya ɗauko su daga masai ya sauke a kan tuwo.

Akwai kuma dafin da bakteriya take bari a cikin abinci idan ta samu sa'o'i tana hayayyafa a cikin zafi. Wani daga cikinsa, kamar wanda kan taru a dafaffiyar shinkafar da ta kwana a buɗe, ko an sake ɗumama ta ba ya lalacewa. Garkuwar ƙuda ba ta da hannu a cikin tukunyarka.

Kada kuma a cakuɗa babi biyu. Mafi yawan malaman fiƙihu suna ganin abin da ba shi da jini mai gudana, kamar ƙuda, ba ya najasta ruwa idan ya faɗa ciki. Wannan magana ce a kan tsarki da ingancin ibada. Ko abinci yana ɗauke da ƙwayar cuta ko ba ya ɗauke da ita, wannan tambaya ce ta lafiya, kuma abu yana iya zama mai tsarki alhali yana cutarwa.

A bisa wannan, muna yi maka nasiha ka rufe abinci da abin sha, ka rufe bakin masai, a kwashe kashin yara a zuba a masai nan take, a nisanta juji daga madafa, a wanke hannu da sabulu kafin girki da ci da bayan bayan-gida. Ƙuda ɗaya da ya sauka ya tashi ba lalle ne ya jawo ciwo ba, amma abincin da ya daɗe a buɗe ƙudaje suna yini a kansa, kada a ba jariri ko tsoho ko marar lafiya. Yaron da ya kamu da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, idan kuma an ga jini a bayan-gidansa, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, a garzaya da shi asibiti.

Allah ne Mafi sani.